Ludayin da Ya Rage a Kan Ƙusa

Akwai wani matashi ɗan Bodinga mai suna Khalid, wanda yau yake numfashi a duniya ta dalilin ludayin duma guda ɗaya. Ni kaina ranar da aka ba ni labarin sai da na ce Allah mai iko.

Khalid ya karanci harkar noma, ya dawo gida da takardunsa, aka ɗauke shi manaja a wani wurin haɗa abincin dabbobi da ke gefen garin Shagari. Wurin ba wani babba ba ne. Injin niƙa ɗaya, sito biyu na masara da dusa, ofis ɗaki guda, sai ma'aikata goma sha ɗaya.

A yi masa adalci, Khalid ba rago ba ne. Kullum daga Bodinga yake tasowa a motarsa, amma yana riga kowa isowa, kuma ba ya danne haƙƙin kowa. Matsalarsa ɗaya ce: a ganinsa duk maganar da ba ta aiki ba ɓata lokaci ce. Ko gaisuwa ka ja ta da tsawo, sai ka ga yana duban agogo.

To a wurin akwai wata al'ada da ya tarar.

A tsakar filin akwai bishiyar dogonyaro, an kafa mata katako a jiki, katakon kuma da ƙusoshi a jere. Kowace ƙusa da ludayinta, kowane ludayi da mai shi. Wani an ɗaura masa jan zare, wani an ƙona masa baki, don kada a rikita. Da an idar da azahar sai a shimfiɗa tabarma, a dama fura a babbar ƙwarya, kowa ya sauke ludayinsa a zauna.

Mai dama furar wata dattijuwa ce 'yar Mandera, Nana Hauwa, wadda aikinta shiƙa da tsince hatsi. Kowa Inna yake ce mata. Ita ce kuma mai dokar wurin, dokar kuwa ɗaya ce tak: ba a tsoma ludayi a ƙwarya muddin akwai wanda ya rage a kan ƙusa. Idan mai shi ba ya nan, sai wanda ya san inda yake ya tashi ya sauke masa, ya faɗi dalili kowa ya ji. In babu wanda ya sani, to fura ta jira, a je a nemo shi.

A kan tabarmar nan babu abin da ba a taɓawa. Tsadar raguna, ƙwallo, matar wa ta haihu, gonar wa ruwa ya ci. Maniru direba shi ne sarkin tsokana, ba ya barin kowa ya haɗiye fura cikin kwanciyar hankali. A tsakiyar dariyar ne kuma za ka ji wani ya ce bel ɗin inji ya fara kuka, ko hanyar wuri kaza ta lalace.

Ranar da Khalid ya fara aiki, Inna ta sa Bilyaminu mai kula da sito ya kafa sabuwar ƙusa, ta rataye sabon ludayi. Da azahar ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis.

"Manaja, ludayinka na bisa ƙusa. Taho mu sha hura."

"Na gode, Inna. Na ƙoshi."

Ta koma ta sauke ludayin da hannunta, ta ce wa jama'a, "Shina nan lahiya lau, ya ce ya ƙoshi. Bismillah."

Washegari haka. Jibi haka. Khalid dai a ofis yake cin abincinsa, a ofis yake shimfiɗa dardumarsa ya yi salla, ƙofa a rufe. Ya kuma kafa doka cewa duk mai maganar aiki ya rubuta a takarda ya ajiye a tiren da ke kan teburinsa, shi kuma yakan duba su ranar Alhamis. Wai tsari.

Wata huɗu cur Inna tana ƙwanƙwasa ƙofar nan. "Na gode" ta koma "na ƙoshi" kawai, daga baya ta koma "na ji!" da tsawa. Maniru ya riƙa yi mata tsiya.

"Inna, ke ba ki gajiya da kora? Ko wani abu shika ba ki a ɓoye ba mu sani ba?"

Sai ta yi murmushi ta ce, "Sha hurarka, Maniru. Bakin ga naka ko an cika shi ba shi rufuwa."

Wata Talata ta ƙwanƙwasa daidai lokacin da yake waya da wani babban mai saye. Khalid ya buɗe ƙofa a fusace, a gaban kowa.

"Inna, na gaji! Nan wurin aiki ne, ba dandali ba. Daga yau in kika sake taɓa mini ƙofa saboda fura, ki nemi wani wurin aikin."

Wallahi maganar ta yi nauyi. A shekaru matar nan ta isa ta haife shi, kuma da aikin take riƙe jikokinta marayu uku. Ta juya ta koma gindin bishiya, ta sauke ludayinsa kamar kullum.

A zaman ranar ne, bayan an ɗan saki jiki, Bilyaminu ya ce, "Jama'a, ƙwari sun shiga masarar sito na biyu. Na sa ƙwayar magani da sahe, na liƙe tagogi. Kowa shi yi nesa da wurin har kwana biyat. Na zana alama ga ƙohwa."

Kowa ya gyaɗa kai. Duk wanda ke zama a tabarmar ya san ƙwayar nan, iskar da take fitarwa tana kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutum. Ya san da'irar gawayi a jikin ƙofa tana nufin kada a shiga. Ya kuma san ƙofar ƙarfen siton sai an tokare ta da dutse, don in ta bugu sakatarta ta waje faɗawa take da kanta. An sha yi wa Maniru dariya kan ranar da ta taɓa kulle shi.

Mutum ɗaya ne bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bilyaminu ya bi doka, ya rubuta takarda ya sa a tire. Amma ranar Talata ce, tire kuwa sai Alhamis.

Ranar Laraba, gab da azahar, mai sayen nan ya sake kira yana son a ɗebo masa samfurin masara. Khalid bai ga dalilin kiran kowa ba. Ya ajiye wayarsa a tebur, ya ciro mukullin ajiya daga bango, ya nufi sito na biyu a can ƙarshen fili. Ya ga da'irar gawayi ya yi tsaki, a zatonsa wasan ma'aikata ne. Ya ga dutse ya tsallake shi. Ga shi yana fama da mura, hancinsa a toshe, bai ji warin komai ba.

Yana cikin kwance bakin buhu iskar hadari ta taso ta buga ƙofa. Sakata ta faɗa.

Ya buga, ya yi ihu, amma injin niƙa yana ta ruri, ko mai tsaye kusa da kai sai ya ɗaga murya. Can ƙirjinsa ya fara ɗaurewa. Kansa ya juya, amai ya taso, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Ya zube a bakin ƙofa, fuskarsa daidai 'yar tazarar da ke ƙasanta, inda iska kaɗan ke shigowa. Lokacin da aka kashe inji don salla, ba shi da sauran ƙarfin ɗaga hannu.

Aka yi salla, aka shimfiɗa tabarma, kowa ya sauke ludayinsa. Saura ɗaya.

Kowa ya shiga satar kallon Inna. Maniru ne ya yi magana, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Inna, sauke shi kawai. Mun san shina ciki, ga motatai can. Kin ji abin da yac ce jiya."

Bilyaminu ya ce, "Gaskiya ta, Inna. Ki tuna da yaran ga da kika riƙo."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wa yag gan shi da idonai tun hantsi?"

Suka dubi juna.

"Wa yaj ji muryatai?"

Kowa ya girgiza kai.

"To ni ba ni sauke ludayin wanda ba a ji muryatai ba. In kora ta, shi kore ni. Allah na nan."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ku sani fa, in da ta sauke ludayin nan, babu mai kusantar ƙofar Khalid sai ƙarfe biyar na yamma, kuma babu wanda zai ga laifinta.

Ta ƙwanƙwasa sau uku, ba amsa. Ta tura ƙofa. Ga waya a tebur, ga darduma a naɗe ba a taɓa ba, ga kular abinci a rufe. Ta ƙwala wa Bilyaminu kira. Yana shigowa idonsa ya sauka a bango, wurin da mukullin sito na biyu ke rataye, ya ga wayam.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sito!"

Mutum goma sha ɗaya suka kwasa da gudu, har da Inna zani a hannu. Maniru ya riga kowa. Ya ja dogon numfashi ya riƙe, ya ɗaga sakata, ya fizgo ƙofa, ya cafki Khalid ta hammata ya jawo shi fili. Jikinsa ya saki, idanu sun kafe, amma akwai numfashi kaɗan. Suka sa shi a mota. Maniru ya ce shi kansa bai san yadda ya kai asibiti ba, daga can kuma aka wuce da su Sakkwato.

Likitan da ya duba shi ya girgiza kai ya ce wa Bilyaminu da an ƙara ko rabin sa'a, da gawa za su ɗauko.

Kwanansa tara a gadon asibiti. Duk kwanakin nan ma'aikatan suna karɓa-karɓa wajen zuwa duba shi, kuma kullum da azahar wanda ya je jiya shi ke sauke ludayin Khalid, ya ce, "Shina asibiti, da sauƙi, ya sha kunu." Sannan a ce bismilla.

Bayan sati uku ya dawo, ya rame, yana tafiya a hankali. Bai shiga ofis ba. Ya bi jam'in azahar, ya biyo ma'aikatan gindin dogonyaro, ya durƙusa a gaban Inna a gaban kowa, kamar yadda ya yi mata tsawa a gaban kowa.

"Inna, ki gahwarce ni. Amma ki gaya mini abu guda. Wata huɗu ina korarki, ban taɓa shan hurarki ba. Don mi kika ta dawowa?"

Ta daɗe tana juya fura kafin ta amsa.

"Maigidana shi na mai gadin wurin ga, shekara goma sha biyu da sunka wuce. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe shi bayan sito, ya hwaɗi. Mutum goma na cikin gidan ga, kowa na aikinai, kowa na cewa wani ya gan shi. Sai la'asar anka iske shi. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da ya rayu." Ta share ido da bakin mayafi. "Da nig gama takaba anka ba ni aiki, na taho da ƙusa goma cikin ƙullin zanena."

Yawancinsu ba su taɓa jin asalin ƙusoshin nan ba, har Maniru mai baki ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ba don ka sha hura nika zuwa ƙohwarka ba. Muryarka nika zuwa ji. In ka kore ni, na san kana da rai, sai in koma in sha hurata hankali kwance."

Khalid ya rufe fuska da hannu biyu ya fashe da kuka, kuma babu wanda ya hana shi. Da ya natsu ya miƙe, ya je jikin katako, ya sauke ludayinsa da hannunsa karo na farko. Sai ya tsaya ya bi ƙusoshin da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, ya tabbatar babu wanda ya rage, sannan ya zauna.

Darasi: Gaisuwa da raha da zaman cin abinci tare a wurin aiki ba ɓata lokaci ba ne. A nan ake jin abin da takarda ba ta kawowa a kan lokaci, a nan kuma ake sanin wanda ba a gani ba. Kada muƙami ya sa ka rufe ƙofa ga waɗanda kuke yini tare, domin ranar da ka yi shiru, wanda ya saba jin muryarka ne zai tashi ya neme ka. Gobe in ka je aiki, ka leƙa wanda ba ya zama da kowa ka gaishe shi, ko da zai kore ka. Ka tura wannan labarin ga abokan aikinka, har da ogan.