Kifi Takwas, Kwalekwale Ɗaya

Inna, kwana arba'in ke nan tabarmarki na naɗe a bayan ƙofa. Awakinki takwas suna turke, ni da Yaya Dikko kuwa mun daina haɗa kwano a kan wa zai fara zaɓa. Yau ni zan kira, ni zan amsa a madadinki.

Ga ta nan, ga ta nanki, Inna.

Ta zo mu ji ta, ɗan nan.

Wa da ƙane ne masunta, Gagare da Makau, kwalekwalensu ɗaya. Ran nan suka kama kifi takwas. Sai suka jera su bisa yashi, daga ƙaton giwan ruwa har 'yar karfasa kamar tafin hannu.

Gagare ya ce, "Ni ne babba, ni zan fara." Ya ɗauka, Makau ya ɗauka, haka har suka ƙare. Sai Makau ya jinjina kwandunan biyu, ya ce, "Yaya, kowane zagaye naka ya fi nawa. Ƙaya ka bar mini?"

Kashegari takwas kuma. Sai Makau ya fara. Gagare ya jinjina kwanduna, ya ce, "Au, ladan goyon da na yi maka ke nan?"

Rana ta uku, takwas kuma. Ba wanda ya taɓa kifi. Sai Gagare ya ɗauko gatari. "A tsaga kwalekwalen, kowa ya kama gabansa!"

Wata tsohuwa mai bandar kifi tana gefe tana fifita wuta. Ta ce, "Kai mai gatari, rabin jirgi ina zai kai ka? Ajiye, ɗauki kifi ɗaya."

Ya ɗauka.

"Ƙarami, ɗauki."

Makau ya ɗauka. Sai Gagare ya sake miƙa hannu, ta make shi da mafici.

"Ina za ka? Yanzu a juya: ƙarami, sannan babba." Suka yi. "Huɗu sun tafi. To, a juya huɗun nan gaba ɗaya: ƙarami, babba, babba, ƙarami."

Makau ya ce, "Iya, da sha shida ne fa?"

"Sai ku juya takwas ɗin. Duk tsawon da kuka yi, akasinsa ke biye. Ba ya ƙarewa."

Sai aka rataya kwandunan a bakunan sanda, tsohuwa ta ɗora tsakiyarta a kafaɗa. Sanda ba ta karkata ba. Gagare ya dubi gatarinsa, kunya ta kama shi, ya je ya faskara wa tsohuwa itace da shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya fara ɗauka, ya koyi jira.

Ɗazu ina zuba wa awakin dusa, sai tatsuniyar nan ta faɗo mini a rai, da muryarki, har da yadda kike make cinyata in kin zo wurin mafici. Na zauna a ƙasa, dariya da hawaye suka zo tare. Ashe tun muna yara kin gama raba mana. Gobe zan ce Yaya ya fara.

Ban gaya wa kowa ba tukuna, Inna. Ke kaɗai.