Mai Zumar da Ya Yi Shelar Aibin Kayansa

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Malam Sallau. Zuma yake sayarwa a zauren gidansa, ba shi da rumfa a kasuwa. Sauran masu zuma kan biya sanƙira, mai shelar gari, ya zaga yana kururuta kayansu. Shi kuwa bai taɓa biya ba. Wanda ya lasa ya ji daɗi shi ke gaya wa wani.

To, ku saurara. Wata rana ya sayar da tulu guda har ya kusa ƙarewa. Ya karkata shi zai kwashe ragowar, sai ga mataccen ɓera kwance a ƙasa. Ba wanda ya gani, sai shi sai matarsa Kande, sai Allah.

Kande ta ce, "Malam, zubar da wannan mu yi shiru. Da wannan sana'ar muke ci."

Ya ce, "Kande, mai jego ta saya. Akwai wanda ya saya don maras lafiya. Ban san gidajensu duka ba."

Ya tashi ya ja akuyarsa, ita kaɗai gare shi, ya kai wa sanƙira. Ya ce, "Yau na zo ka yi mini shela."

Sanƙira ya washe baki. "Sai yau, Malam? Me zan ce?"

"Ka ce duk wanda ya sayi zumar Sallau a makon nan kada ya sha, ɓera ya mutu a ciki. Ya maido, zan musanya masa."

Sanƙira ya dube shi da mamaki. Ya ce, "Tunda nake, ba a taɓa biyana in ɓata mai biyana ba."

Jama'a, kun ji? Da akuyarsa ya sayi tonon asirin kansa! Aka yi shela, gari ya ɗauka, ana dariya. Zaure ya yi tsit, wata da watanni. Har tabarmar zauren sai da suka sayar.

Amma ranar shelar akwai fatake a kasuwa, kuma sun ji. Duk zangon da suka sauka sai sun ba da labarin. Bayan damina sai ga baƙi da raƙuma a ƙofar gari, daga ƙasar da Sallau bai taɓa jin sunanta ba, suna tambaya, "Ina gidan mutumin nan da ba ya ɓoye aibi?" Da suka yi sallama a zaure suka ce zumarsa suka zo saya, hawaye kawai Sallau yake yi. Allahu Akbar!

'Yan'uwa, gaskiya ita ce tallar da Allah ke ɗora wa bakunan bayinsa, ba ka biya kowa ba. Ke mai ƙuli-ƙuli a cikin gida, kai mai ɗinki a zaure, ba a hana ku talla ba. Amma in kun ga aibi a kayanku, ku faɗa kafin a tambaye ku. Allah ya ba mu ikon yi.