Kafintan da Ya Mai da Zabura Makami

Akwai wani kafinta, dattijo ne a ikilisiyarsu, wanda ya san Littafi Mai Tsarki ƙwarai. Ayar da duk ka taɓo, zai ƙarasa maka ita da ka. Aibinsa shi ne girman kai. A ganinsa kowane layi na Littafin doka ce, kuma shi kaɗai ya iya karanta dokar. Idan aka ce masa wannan wuri waƙa ce, wancan misali ne, sai ya taɓe baki ya ce masu raunin bangaskiya ne ke neman hanyar zillewa.

Ya daɗe yana jagorantar nazarin Littafi na ranar Laraba, mutane kuwa sai raguwa suke yi, domin kullum da wanda zai koma gida da ɓacin rai. Daga baya fasto da dattawa suka ba ƙanensa aikin. Ƙanen malamin firamare ne, a gida Auta ake ce masa.

A zaman farko Auta ya buɗe wata zabura, inda wani da aka zalunta yake roƙon masifa a kan maƙiyinsa, har yana fatan 'ya'yan maƙiyin su zama marayu. Wata tsohuwa ta tambaya ko Allah ya umarce mu mu yi haka ne.

"A'a, Mama," in ji Auta. "Wannan waƙa ce ta mutumin da zuciyarsa ta ƙuna. Ya kai kukansa gaban Allah, ya bar ramuwa a hannunsa. Ba umarni ba ne."

Kafinta ya miƙe daga bencin baya. "Waƙa? Maganar Allah kake kira waƙa? Ni na goye ka, yau kai za ka rage wa Littafi nauyi a gabana?"

"Yaya, ban rage komai ba. Yadda aka rubuta shi nake karanta shi."

"To, za ka gani in waƙa ce."

Tun daga ranar Kafinta ya daina zuwa nazari. Da safe, kafin ya buɗe shagonsa, sai ya tsaya a ƙofar gidan Auta, ya buɗe zaburar nan ya karanta ta da ƙarfi, yana saka sunan ƙanensa a wurin maƙiyin. Maƙwabta na leƙe ta taga. Matar Auta takan ja yaranta ɗaki ta kunna rediyo don kada su ji. Fasto ya same shi a shago yana yankan katako, ya roƙe shi ya bari. Kafinta bai ko ajiye zarto ba.

"Nuna mini inda na ƙara harafi," ya ce. "In ba ka iya ba, ba ni wuri."

Mahaifiyarsu ma ta kira shi. Ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa. "Babba, ciki ɗaya kuka fito. Bakinka bai yi maka nauyi ba?" Ya ce mata shi ba da bakinsa yake magana ba, da bakin Littafi ne.

Auta dama yana fama da ciwon zuciya tun yana saurayi, duk gidan an sani. Wata rana yana rubutu a allo ya yanke jiki ya faɗi a gaban ɗalibai. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce tsohon ciwon ne.

Labari ya iske Kafinta da guduma a hannu. Ya ajiye ta. Shi so yake ƙanensa ya tsorata, ya zo ya durƙusa ya mayar masa da kujerarsa. Bai taɓa kawo mutuwa a ransa ba. Ya zaɓi katakonsa mafi kyau ya haɗa akwatin gawa, ya ɗora a amalanke ya tura har ƙofar gidan Auta, inda ake zaman makoki. Matar Auta ta fito, idanunta a bushe.

"Me ka kawo, Yaya? Ka zo ka ƙarasa aikin ne?"

"Likita ya ce zuciya ce," in ji Kafinta. "Abin da na karanta ba ya kisa. Kukan wani ne kawai, waƙa ce."

"Yau ta zama waƙa? Da mijina ya faɗa, ka tozarta shi a gaban jama'a. Na san ba kai ka kashe shi ba. Amma ya tafi yana jin ɗan'uwansa na roƙa wa 'ya'yansa maraici kowace safiya. Kwashe katakonka. Ko a tabarma ne za mu rufe shi."

Ya juya wajen mahaifiyarsa, ta kawar da kai. Haka ya tura amalanken ya koma, ba wanda ya kama masa.

Ikilisiya ta sauke shi daga dattijantaka. Masu kawo aiki suka janye, domin ba mai son kwana a gadon da ya haɗa. 'Ya'yan Auta, in sun hango shi, sai su sake hanya. Mahaifiyarsa ta koma zama da surukarta, kuma har ta rasu ba ta ƙara taka gidansa ba.

Darasin shi ne, haddace aya daban, fahimtarta daban. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai doka, akwai tarihi, akwai waƙa da misali da wasiƙa, kuma kowanne da yadda ake karanta shi. Kafin ka ɗauki aya ka nuna wani da ita, ka tambayi kanka wane irin rubutu ne, wa ke magana, kuma me ya sa. Mai girman kai ba ya yin wannan tambaya, don haka yakan sa wa ƙiyayyarsa rigar nassi, ya cuci na kusa da shi, ya zo yin nadama a lokacin da ba mai saurarensa.