Gizo da Macijin Cikin Saiwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Yunwa ce ta kori Gizo har wani tsibiri a tsakiyar ruwan gishiri, inda itatuwa ke tsaye cikin taɓo da saiwoyinsu a waje. Biri ya sauke shi, ya ba shi ci da sha. Da safe za su tsintar dodon koɗi, Biri ya miƙa masa sanda.

"Baƙona, a nan kafin ka sa hannu a saiwa sai ka ƙwanƙwasa. Akwai baƙin maciji mai ratsin rawaya, dafinsa ba wasa. In ya ji bugu sai ya hau sama ya ba ka wuri."

Gizo ya ƙwanƙwasa, sai ya ga dodon koɗin sun zube cikin ruwa. Ya ja tsaki. "Na san kasa, na san kububuwa, na san gamsheƙa. Wannan ban taɓa jin sunansa ba. Ƙauyanci ne ke damunku."

Ku ji rashin kunya, baƙon jiya-jiya.

Ranar farko Gizo ya yar da sanda, ya cika kwando. Rana ta biyu haka nan. Amma ja'irin a bakin-baki yake tsinta, inda ido ke gani. Rana ta uku ya hango manya can cikin duhun saiwa, ya ce, "Maigida, hannunka ya fi nawa tsawo. Zura, kada ka buga."

Biri ya ji kunyar baƙo, ya zura. Caraf, maciji ya sare shi.

Gizo ya hau ihu: "A kashe mugu!"

Dabbobin tsibiri suka taru da sanduna. Maciji ya ɗago kai ya ce, "Tun kakanninku, an taɓa bugawa na ƙi tashi? Barci nake, na ji hannu a wuyana."

Dabbobin suka sauke sandunansu. Tsohuwar Kaguwa ta ce, "Wa ya hana bugun?"

Biri ya nuna Gizo. Dabbobin suka ɗauke shi suka aje shi a tsakiyar saiwoyin, ba sanda, ruwa na ta cikowa. Haka ya fito yana ƙwanƙwasa kowace saiwa da ƙafa, yana "Salamu alaikum." Shi ya sa har yau gizo sai ya taɓa wuri kafin ya taka.

Biri ya rayu, amma hannun ya shanye, bai sake hawa bishiya ba. Wannan shi ke ƙona mini rai.

To ku ji: rashin saninka da abu ba ya nufin babu shi. Kuma kada kunyar baƙo ta sa ku yar da abin da ya tsare iyayenku.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.