A Gidan Gwaggo Ba a Sulalewa

Ke kuma wace irin tambaya ce wannan? Wai reno ma aiki ne? Da bakin da aka ɗura wa madara da cokali kike tambaya. To rufe shi haka nan, ki ɗauko wayar taki ki rubuta wa mutanenki abin da zan faɗa. Kada ki ƙara gishiri, kada ki rage. Ban yi boko ba, amma in kin sauya magana zan gane.

Akwai wata mata a layin ƙarshe na gidajen bariki, matar wani kofur da ya rasu. Kowa Gwaggo yake ce mata, har manyan hafsoshi. Ɗaki biyu gare ta da ɗan tsakar gida, a nan take renon 'ya'yan sojoji.

Yara bakwai take karɓa, ba ta ƙara na takwas ko da ɗan kwamanda ne. Kowane yaro da kofinsa, an ɗaura masa zare mai launi daban, kowa da ƙusarsa a bango ta rataye jaka. In iyaye za su fareti su kawo da safe su ɗauka da yamma. In an tura su nesa, yaro ya zauna wajenta har su dawo.

Dokarta guda ce, kuma ba ta lanƙwasuwa: a gidanta ba a sulalewa. Duk wanda ya kawo yaro sai ya durƙusa, ya dube shi ido cikin ido, ya gaya masa zai tafi.

To akwai wani saje mai horar da kurata. In ya daka tsawa a filin fareti, har kajin layinmu sai sun ƙame. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, 'yar shekara huɗu. Sunan yarinyar ɗaya da na Gwaggo, shi ya sa Gwaggo take kiranta Takwara.

Wata rana aka tura Saje kwas na mako uku. Ya kawo yarinyar daidai lokacin da Gwaggo take bayan ɗaki tana yi wa wani jariri wanka. Ya ce wa 'yarsa, "Maza ɗebo mini ruwa." Tana shiga ɗaki ya saɓi jakarsa, ya bi lungu.

Gwaggo ta fito ta tarar da Takwara tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe kofi da hannu biyu don kada ya zube.

"Baba ya ce in kawo masa."

Mako ukun nan a bakin ƙofar ta yi su. Abinci sai an bi ta da shi. Ko wasa take yi, da ta ji ƙarar takalmin soja sai ta watsar ta ruga. Ranar da uban ya dawo kuwa, ya buɗe hannu yana dariya, sai ta shige bayan zanen Gwaggo ta ƙi leƙowa. Daga baya ta saki jiki, amma kullum da safe sai an ɓamɓare yatsunta daga wandonsa ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta yi masa magana. Ya ce, "Gwaggo, yaro ne, zai manta." Ta juya ta ci gaba da aikinta. Amma ba yarda ta yi ba.

Ba a yi wata huɗu ba takarda ta fito, za a tura rundunarsu bakin daga. Babu wanda ya san ranar dawowa. Ƙarfe takwas na safe mota za ta tashi.

Bakwai da rabi sai ga Saje, jaka a baya, Takwara a kafaɗa, kayanta a hannu. Ya sauke ta a tsakar gida, ya rataye jakar kayanta a ƙusa, ya ƙifta wa Gwaggo ido, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan ja ta ciki ki nuna mata wani abu."

Gwaggo ta jawo 'yar kujerarta, ta dasa a tsakiyar ƙofar gida, ta zauna.

"Gwaggo, mota ba ta jiran kowa."

"To ka yi sauri ka yi sallama."

"Kuka za ta yi. Ba zan iya tafiya da kukanta a kunnena ba."

"Au, kai ne ba za ka iya ba? Na ɗauka ita kake tausaya wa. Ashe kanka kake lallaɓawa."

Ran Saje ya ɓaci. Ya miƙe ƙirji yadda yake yi wa kurata. "Ni fa ba a tare mini hanya."

"A filin fareti ke nan. Nan kuwa ni ce kwamanda, ɗana. Ko ka durƙusa, ko ka ɗauki 'yarka ka kai wani gidan. Ka ga ƙusarta can, in cire jakar?"

Ya sassauta ƙirjin, don ya san duk barikin babu inda zai bar ta hankalinsa ya kwanta. Gwaggo ta sassauta murya don kada yarinyar ta ji.

"Mijina haka ya yi wa ɗanmu. Ya ce zai sayo burodi ya dawo. Takalminsa da hularsa aka kawo mini. Yaron nan yau da gemunsa da 'ya'yansa, amma har gobe ba ya iya zama ya ba ƙofa baya. Kukan sallama na yini guda ne. Jiran wanda aka yi wa ƙarya ba ya ƙarewa."

Saje ya sauke jakarsa. Ƙaton nan ya sa gwiwa a ƙasa, ya kama kafaɗun 'yarsa.

"Zan tafi aiki, mai nisa."

"Yau za ka dawo?"

"A'a."

"Gobe?"

"A'a. Zan daɗe."

"Kwana nawa?"

Ya ɗaga kai ya dubi Gwaggo, bakinsa har ya shirya faɗin goma. Ta girgiza masa kai, don ranar soja ba a hannunsa take ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Amma kina wajen Gwaggo, ni kuma duk inda nake hanyar dawowa wajenki nake nema."

Takwara ta tsala ihu, ta dunƙule hannu tana dukan ƙirjinsa. Ya bar ta ta daka son ranta. Sannan Gwaggo ta ɗauke ta, ta janye kujera, suka tsaya a ƙofa suna kallonsa har ya sha kwana. Ya waiwayo sau biyu, fuskarsa sharkaf. Da kurata sun gan shi, da sun sha mamaki.

Ta yi kuka har azahar. Da yamma ta ci shinkafa. Kwana uku sai ga ta tana faɗa da 'yar wani kofur a kan 'yar tsana. In ta tambaya, amsar Gwaggo ba ta sauyawa: "Yana aiki nesa, bai dawo ba tukuna." Ba ta taɓa ce mata gobe ba. Bakin ƙofa kuwa ba ta sake tsayawa ba.

Wata takwas ya yi. Ya dawo a rame, yana ɗan jan ƙafa. Ya tsaya daga nesa, yana tsoron kada a sake ɓuya masa. Takwara ta hango shi, ta kwasa da gudu, ta kusa kayar da shi.

Da hutunsa ya ƙare, ya kawo ta da safe. Ba wanda ya ce masa komai, da kansa ya durƙusa.

Ta ce, "Baba, tafiyar yau ta daɗewa ce ko ta yamma?"

"Ta yamma ce."

"To tafi, kada ka makara."

Ta juya ta shige cikin yara, ko waiwaye babu. Saje ya tsaya zuru kamar turken fitila, yana jiran a riƙe masa wando.

Gwaggo ta ce, "Saje, me kake jira? An sallame ka."

Ya haɗe ƙafa, ya sara mata kamar yadda yake sara wa kwamanda, ya tafi.

Darasi: Kada ka sayi shirun yaro da ƙarya. Gaskiya mai sa kuka ta fi ƙarya mai sa jira. Kuma mai riƙe ɗanka kana nesa ba ƙaramar ma'aikaciya ba ce, ka girmama dokar gidanta. Duk wanda ya karanta ya tura wa mai ɗa, musamman masu kaki.

Kin rubuta? To kashe wayar nan. Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa, kowa ya wanke ƙafa ya hau shimfiɗa. Ba na son in sake jin ko tari.