Ranar da Shanu Suka Ja Motata

Ku matso, 'ya'yana, ku ji. Ɗanjuma mai haraji ya ce ba zai ba motata ta gona takarda ba sai ya gan ta a ofis, in kuwa ta taka kwalta babu takarda, zai ƙwace ta.

Na ɗaura mata shanu, suka ja ta har ƙofarsa.

Ya ce, "Hajiya Tabawa, motarki ta taka kwalta!"

"Amalanke ne ya taka, ɗan nan. Yaushe aka fara yi wa amalanke takarda?"

"Ai mota ce!"

"Yanzu ta zama, da ka faɗa. Tunda ka gan ta, miƙo takardar."

Ya shige ya rufo ƙofa. Shanun na can suna zuba masa kashi. Ku je ku raba mu, gyaɗata na jira a gona.