Mangwaron Rinki

"Baban Rinki, ajiye gatarin nan."

"Maman Rinki, matsa ki ba ni wuri. Ke da ko labarai ba kya saurara."

"Ina saurara mana." Ta toshe hanci, ta kwaikwayi mai karanta labarai: "'Masana sun ce tafarnuwa ta zama zinariya.' To masanan su fara sare na gidan ubansu."

Jama'ar wannan shafi, akwai wani bawan Allah a ƙauyenmu, kusa da garin Bhagalpur a ƙasar Indiya, sunansa Dinanath. Tikiti yake sayarwa a tashar mota. A wajenmu in an haifi 'ya mace, mangwaro goma ake dasa mata. Nata ne, da shi za ta yi karatu, da shi za a kai ta ɗaki. Na 'yarsa Rinki sun shekara ashirin, su ke biya mata makarantar koyon jinya a Patna. Saura mata shekara ɗaya ta gama.

Sai tafarnuwa ta yi tashin gwauron zabi. Wayar Dinanath ba ta da zance sai wannan. Har ya koma magana irin ta mutanen cikinta: ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa, "Kin gane ko, kasuwa ba ta jiran mai barci."

Ya je ya ajiye aiki. Maigidansa ya ce, "Dinanath, ɗauki hutu dai, kujerarka na nan."

"Ba wani. Ni na gaji da yagar takarda."

Tafarnuwa ba ta son inuwa, shi kuma filinsa ke nan guda. Kwana uku ana saran mangwaron. Matarsa Kausalya ba ta leƙo ba. Tana madafa tana dukan ƙullun gurasar roti kamar shi ya yi mata laifi.

A faɗi gaskiya, gonar ta yi kyau. Abin da ya manta shi ne wayar da ke aljihunsa tana aljihun kowa. Duk mai kunne ya shuka. Ranar da ya kai kaya kasuwa, layin motoci har bakin gada. Dillali ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya shinshina, ya yi tayin da ko kuɗin mota bai kai ba.

"Amma a labarai an ce..."

"Kawu, kai wa labarai su saya."

Ya lallaɓa ya koma tasha. A kujerarsa ya tarar da surukin maigidan, yana yagar takarda har da fito.

Lokacin mangwaro Rinki ta dawo da akwatinta, har bargo da bokiti. An gaya mata a waya babu kuɗin makaranta. Ba a gaya mata dalili ba.

Ta tsaya a tsakiyar kututture goma. Ta bayan katanga ana jin 'yan matan maƙwabta suna kakkaɓar nasu, suna gardamar wa ta fi tarawa. Kausalya na bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yau babu wanda ta kwaikwaya. Rinki ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi, da ya fi wa Dinanath sauƙi.

"Baba, wanne ne Kaka ta dasa da hannunta?"

Ya duba nan, ya duba can. Kututture duk kamarsu ɗaya. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ai ko ba komai," ya ce, "yanzu shanya za ta fi saurin bushewa."

Darasi: Labarin da ya shigo wayarka, mutum dubu sun ji shi tare da kai. Farashi kan hau da safe ya sauko da yamma, bishiya kuwa shekaru take ci kafin ta ciyar. Kada ka sare abin da ke riƙe da gidanka, ko ka raina aikin da ke hannunka, saboda zancen mako ɗaya. Abin da aka dasa da sunan wani kuma amana ne. Ku tura wa duk wanda kuka ga ya fara wasa gatari.